Wautar Jabez Cridland

Jabez Cridland yana da wata 'yar ɗabi'a: in ya ɗauki dutse, ba ya mayar da shi ƙasa sai ya sama masa wurin zama. Haka ubansa ya koya masa, haka kuma duk magina katangar gona suke faɗi, sai dai su a bakin aiki abin yake tsaya musu, shi kuwa har a hanyar coci. Yana tafe zai hangi wani ɗan dutse a gefen hanya, ya sunkuya, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya jefa aljihu. Wani ya kwana biyu a nan, wani ya yi wata, har ranar da zai wuce wata katanga mai giɓi, ya tsaya, ya zaro shi ya tura, dutsen ya shige kamar don nan aka halicce shi. Matarsa Tamsin takan ce ta gaji da ɗinkin aljihu, da ta sani jaki ta aura, ko ba komai shi da mangalarsa yake zuwa.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi a ƙasar gidan Averil: katangun da suka raba makiyayar tumaki da gonaki, ba laka ba siminti, dutse ɗaya kan biyu, biyu kan ɗaya. Ba mai yawan magana ba ne. Da rana yakan zauna a gindin abin da ya gina ya ci burodi da cuku, ya kurɓi shayin da ya huce a kwalba, idonsa a kan gajimare. In ka gaishe shi sai ka yi nisa sannan ka ji amsa ta biyo ka.

A kan tudun da ke bayan babban gidan Averil akwai hasumiya. Wauta ake ce mata, yadda ake ce wa duk irin ginin da aka yi ba don wani amfani ba, kuma ba da zagi ba. Suna ne kawai, kamar rijiya ko rumbu. Wani tsohon maigidan Averil ne ya gina ta, Aubrey, bayan ɗansa Lucian ya tafi cikin jirgin ruwa bai dawo ba. Ba a sami gawa ba, ba a yi kabari ba. Sai uban ya ce zai gina abin da zai riƙa hawa ya hangi teku daga ƙasarsa, ko ya ga inda yaron yake kwance. Aka yi shekaru ana jan dutse zuwa kan tudu. Ranar da aka gama, ya hau shi kaɗai, ya juya kudu, bai ga komai ba sai doron wani tudun ya tare gabansa. Waɗanda suka yi aikin sun ce kaɗan ya rage, bai wuce tsayin mutum da hannu a ɗage ba. Tsohon ya sauko, ya kulle ƙofa, bai sake hawa ba. Sunan Lucian yana nan a saman ƙofar. Sauran rubutun gansakuka ta cinye.

Duk da haka, ba wani ɗan ƙauyen da ba zai ce maka daga kan Wauta ana hangen teku in rana ta washe ba. Ba ƙarya suke nufi ba. Abu ne da ake faɗi.

Shi ma Jabez ya faɗa. Yana saurayi aka kai shi gyaran katangar mashigar jiragen kamun kifi a wani ƙauyen masunta can ƙarshen yamma, a nan ya ga Tamsin tana ɗinkin koma a bakin ƙofar ubanta. Sai da ya yi sati yana wucewa kafin ya iya cewa sannu. Da magana ta yi nisa, ta ce masa ita fa ba ta iya zama inda ba a ganin ruwa.

"Mu ma muna da shi," in ji Jabez. "Daga kan Wauta ana gani."

"Daga kan me?"

"Wauta."

"To, ko ba komai ka faɗi gaskiyar sunan," in ji ta. Ta aure shi.

A satinta na farko, lokacin ana ba da mabuɗin hasumiyar ran Lahadi, ta tattare siket ta hau. Ta daɗe a sama. Da ta sauko ta same shi a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Yau ba ta washe ba," ya ce.

"Haka na gani, ɗan tudu."

Wannan ta zama maganarsu. In miya ta ƙone, ba ta washe ba. In kaza ta ƙi ƙwai, ba ta washe ba. Ta so ta koma gida ganin ruwa, amma kullum da abin da ke riƙe ƙafa: goyon 'yarsu, saniya ta kusa haihuwa, girbin ciyawa. Iyayenta suka rasu, ƙannenta suka watse, tafiyar ta zama ta baɗi, baɗin kuma ta wata baɗin. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Sai dai in iska ta juyo daga kudu, yakan ga ta tsaya da kwandon wanki a ƙugu, ta ɗaga hanci kamar mai sauraron kira daga nesa. Shi kuwa sai ya sunkuya ya nemi dutse.

Shekarun babban yaƙi suka same su da furfura. 'Yarsu ta tafi birni aikin masana'anta. Bakin teku kuma aka zagaye shi da waya mai ƙaya, aka hana duk wanda ba mazaunin wurin ba kusantarsa. A cikin wannan hali ne Tamsin ta fara tuntuɓe da kujerar da ta shekara talatin a wuri ɗaya. Likita ya haska idonta, sannan ya ce hasken yana janyewa ne daga gefe zuwa tsakiya, kamar mai rufe labule a hankali, kuma ba shi da abin da zai tsayar da shi. Kafin sanyin baɗi ya kama, in ji shi, labulen zai haɗe.

A hanyar gida suka zo daidai gindin tudun. Ta ɗaga kai ta dubi hasumiyar.

"Ina ma ta taɓa washewa sau ɗaya," ta ce. Ta yi 'yar dariya, don kada ya ɗauka da nauyi.

Ya ɗauka. Shi kuwa abin da ya ɗauka ba ya ajiyewa.

Washegari ya sa kwat ɗinsa na coci ya tafi babban gida. Uwargida Rosalind, wadda ita kaɗai ta rage a zuriyar Averil, ta koma ɗakuna biyu a ƙasa, sauran gidan cike da yaran birni da aka kwaso daga ruwan bama-bamai. Ya same ta da bargo a gwiwa da tsohon kare a ƙafa. Ya ce yana roƙon mabuɗin Wauta, da izinin ya ɗora 'yar matakala a kan rufinta.

"Cridland," ta ce, "kakan ubana ya sayar da daji guda ya zuba kuɗin a kan tudun nan, bai ga komai ba sai tudun maƙwabcinsa."

"Da wuri ya tsaya, ranki ya daɗe."

"Mu Averil duk haka muke." Ta dube shi ta saman tabarau. "Don Tamsin ne?"

Ya dubi karen.

Ta miƙa hannu bayan agogo ta ɗauko mabuɗin, baƙi ƙirin da tsatsa. "Kada ka faɗo mini. Ba ni da wani magini."

Haka ya fara. Da rana aikin katanga, da yamma kafin haske ya tafi ya ɗauki dutse ɗaya a kafaɗa ya haura tudu, ya shiga cikin duhun hasumiyar, ya bi matakalar da ke murɗewa sama kamar cikin dodon koɗi. Tantabaru suna tashi ta tagogi. A can sama iska ba ta hutawa. Ya zaɓi gefen kudu, ya shimfiɗa gindi mai faɗi, don abin da tsohuwa za ta taka ba a yi masa gaggawa.

Obed Yeandle, manomin da gonakinsa suka miƙe kudu da tudun, abokin wasansa ne tun suna satar tuffa tare. Yakan jingina da ƙyauren gonarsa da lofe a baki ya jira shi.

"Ina zuwa da dutse haka, Jabez?"

"Wauta."

"Na san wauta ce. Ina za ka nake tambaya."

Jabez ya gyara dutsen a kafaɗa.

"Mutane na sauko da kaya daga bisa, kai kana kai wa sama tsakuwa. In ka isa ka gaishe mini da mala'iku, ka ce su turo ruwa ran Talata, kada ya wuce Laraba."

"Kai da aka sa ka noman fure, har kana da bakin magana?" in ji Jabez.

Wannan ta taɓa Obed. Gwamnati ce ta tilasta masa ya nome makiyayarsa mai nisa, wadda ke kwance a gindin wancan tudun da ya tare teku, ya shuka ramar lilin, wai don igiyar laimar sojan sama. Bai taɓa shuka ta ba, ubansa bai taɓa ba. "Abin da tunkiya ba ta ci, ni ban ci ba," ya ce, ya tofar da yawu. "Sai ka zo ka gyara mini katangarta, ta zube ta gabas."

Jabez ya je ya gyara, tun shukar tana 'yar tsiro.

Sanyi ya wuce, bishiyoyi suka yi ganye, matakalar tana tashi a hankali. In ya tsaya a kan ta ƙarshe ya yi ɗage, doron tudun yakan sunkuya kaɗan, kamar mai tunanin ba da hanya, amma bai ba da ba. A gida kuwa Tamsin ta daina saƙa. Ta fara zuba shayi da yatsa a bakin kofi. In yana magana sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, ta neme shi, kamar mai leƙe ta ramin mabuɗi.

Wata safiya a tsakiyar bazara, raɓa ba ta bushe ba, ya fito ya tarar ta sa takalmin fita da hular coci.

"Yau zan hau, tsoho."

"Ban gama ba."

"Ni na kusa."

Ya ɗauki hularsa. Ya ba ta hannu.

Sun daɗe a hanya. A cikin hasumiyar ita ce ma ta fi shi sauri, don duhu ya riga ya zama abokin zamanta. Tana shafa bango tana hawa, tana ce masa ya yi a hankali da gwiwoyinsa. Da suka fito sama haske ya rufe su. Sararin ya wanku tas, ba gajimare ko ɗaya, ƙasa duk tana tururi a hankali. Ya riƙe ƙugunta ta taka duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya har inda suka tsaya. Shi yana ƙasa, kansa daidai gwiwar hannunta, yana kallon takalminta, don ya san abin da ke gaba: doron tudu, kamar kullum.

Ta juya fuskarta gaba ɗaya kudu.

"Ga shi," ta ce.

Ya ɗago.

A can gindin wancan tudun wani shuɗi ne kwance, mai faɗi, mai taushi, shuɗin da bai taɓa gani a ƙasa ba sai a sama. Iska ta bi ta kansa, ya yi lumshi, ya yi haske, ya tafi layi-layi ya dawo. Gefensa ya narke cikin tururin safiya har ba ka sanin inda ya ƙare. Na ɗan lokaci Jabez kansa ya ji kamar yana tsaye a kan katangar mashigar jiragen nan yana saurayi. Sannan idonsa ya faɗa kan wani siririn layin toka ta gabas. Ya san layin. Hannunsa ne ya jera shi: katangar gonar Obed ce, shuɗin kuwa furen ramar lilinsa ne.

Ya buɗe baki. Ya dubi fuskarta. Ya rufe.

"Ya kwanta yau," in ji Tamsin. "Irin safiyar da babana ke fita tun ba a karya ba. Ka ga can, inda ya yi duhu? Nan kifi ke taruwa."

"Na gani."

"Ba ka ga komai ba, ɗan tudu. Kai dai riƙe ni."

Ya riƙe ta. Ta yi ta magana a hankali, ba da shi ba sosai: sunayen jirage, wata ƙawarta da ta faɗa ruwa da kwandon kifi a ka, yadda uwarta ke sanin dawowar maza tun ba a hango jiragensu ba. Bai taɓa jin ta faɗi waɗannan ba. Rana ta yi sama. Furen lilin ba ya kai tsakar rana. Da zafi ya taɓa shi sai ya zube. Suna tsaye shuɗin ya fara kodewa daga gefe, ya ja baya, ya ja baya, kore ya fito a madadinsa.

Jabez ya dubi fuskarta, yana jiran abin da za ta ce.

"Ruwa ya janye," in ji ta. "Lokacinsa ne. Gobe da safe zai dawo. Mu sauka, ban ɗora komai a wuta ba."

Ya dawo kuwa. Kowace safiya sabon fure yakan buɗe, kowace safiya su hau, ta tsaya har ya janye. Ƙauye ƙarami ne; kafin Lahadi kowa ya ji cewa matar Cridland ta ga teku daga kan Wauta. Wasu suka ce ai dama an faɗa.

A bakin coci Obed ya tare su, fuskarsa cike da dariyar da ya tanada.

"Tamsin, an ce kin ga teku. Ta wane gefe? Don ni in na tsaya a gonata ta kudu, abin da nake gani—"

Jabez ya dube shi. Bai ɗaure fuska ba, bai yi alama ba. Kallo ne kawai, irin wanda yake yi wa dutse kafin ya san inda zai sa shi.

Obed ya cire lofe daga baki, ya leƙa cikinsa kamar wani abu ya faɗa.

"Me kake gani, Obed?" in ji Tamsin.

"Tumaki," ya ce. "Ni me na taɓa gani in ba tumaki ba."

"To, ka riƙa ɗaga kai."

An ce a shekarar nan Obed Yeandle ya yi ta jan ƙafa wajen tuge ramarsa, har sai da jami'in gwamnati ya zo sau biyu. Shi dai ya ce ƙasa ce ba ta bushe ba. Amma fure ba ya jiran kowa. Ya yi ta raguwa, shuɗin yana sirancewa, har safiyar da 'yan matan aikin gona suka shiga gonar da motar tuga. A safiyar nan Jabez ya tashi yana neman abin da zai ce. Ya tarar da Tamsin zaune a bakin murhu da silifas ɗinta na gida.

"Ƙafafuna sun gaji da Wautarka," ta ce. "Na ga abin da zan gani."

Ba ta sake neman hawa ba. Da yamma ta gasa waina da 'ya'yan itacen da ta tara, ta naɗe a tsumma, ta ce ya kai wa Obed.

"Na mene ne?"

"Ka ce masa na gode. Zai gane. In bai gane ba ya ci wainar."

Jabez ya tafi da ita a hannu, yana tafe yana jujjuya maganar kamar dutsen da bai san fuskarsa ba. Bai tambaye ta ba, ranar ko bayanta. Ita ma ba ta ƙara ba.

Labulen ya haɗe kafin Kirsimeti, yadda likita ya ce. Ta karɓi abin ba hayaniya. Takan zauna a bakin taga inda rana ke taɓa fuska, in ya shigo ta ce, "Yau ta washe?" ya ce, "Ta washe," ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, bai daina hawa ba. Da yamma sai a gan shi da dutse a kafaɗa, yana haurawa, yanzu yana tsayawa hutu a tsakiyar tudu. Uwargida Rosalind ta aiko a tambaya ko ya gama da mabuɗi. Ya ce saura kaɗan. Obed ya daina tsokanarsa, wanda ya fi tsokanar ciwo.

"Tsoho," in ji Tamsin wata rana, da ta ji yana neman sandarsa, "wa kake gina wa? Na ce maka na gani."

"Na ce miki ana gani daga can."

"An gani."

"Ni na faɗa," ya ce. "Tun a ƙofar babanki na ɗauki maganar."

Ta juyo wajen muryarsa. Sannan ta miƙa hannu ta lalubi aljihun kwat ɗinsa, ta ji ya sake yagewa.

"Kawo in ɗinke kafin ka fita. Wannan ba ya bukatar ido."

Yaƙi ya ƙare, aka naɗe wayar bakin teku. 'Yarsu ta zo ta ce za ta kai uwarta ko iskar ta shaƙa. Tamsin ta ce a'a, tafiyar ta yi mata nisa, kuma tana da nata a nan kusa. Ta rasu a farkon wata bazara, cikin barcin rana, taga a buɗe ta kudu.

Jabez ya ƙara shekara biyu yana hawa, in gwiwa ta yarda. Matakalar ta kai inda, in ji shi, taki ɗaya ya rage. Dutsen wannan takin ya daɗe yana nema, don na sama dole ya zama guda, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya rawa. A ƙarshe ya same shi a bakin rafi, ya wanke shi, ya turo shi a baro har ƙofar hasumiya. Ya ɗaga shi ya kai ƙirji, ya ji abin da ya ji, ya jingina shi da bango a ƙarƙashin sunan Lucian. Ya gaya wa Obed cewa ba ajiyewa ya yi ba, hutawa suke yi su biyun. Ran da ta washe zai kai shi.

A satin nan aka yi ta ruwa. Kafin ta washe, Jabez ya bi Tamsin.

Yanzu in baƙo ya tambayi sunan hasumiyar, tsofaffi sukan ce ta ƙasa Wautar Averil ce, 'yar ta sama kuwa ta Jabez. Masu ƙarfin gwiwa suna hawa, su taka duwatsunsa har inda suka tsaya, su yi ɗage. Wasu sun ce suna ganin wani siririn haske a bayan doron tudun. Wasu sun ce sama ce kawai. Samari sun sha cewa za su kai dutsen su raba gardama, amma in suka zo gabansa sai su tsaya, su sa hannu a aljihu. Kowa a nan ya san wanda ya ɗauka shi ke sawa.

Dutsen yana nan jingine a bakin ƙofa. Gansakuka ta fara kama shi ta gefen da ke kallon kudu.